Kankana Mai Jan Ƙyalle

Asabar, da hantsi

Mama ta tafi gidan Kawu jinya. Haka aka ce in faɗa idan wani ya tambaya. Ta tafi da Auta, ta tafi da babban akwatin nan mai taya ɗaya. Ni dai ban taɓa ganin jinyar da ake tafiya da babban akwati ba, amma ba wanda ya nemi ra'ayina.

Da za ta fita ta kama haɓata ta ce, “Ki kula da babanki.” Ba ta kalli ƙofar ɗakinsa ba. Shi ma bai fito ba. Rediyonsa na ta shuu, ba a kan wata tasha ba.

A littafin soyayyar da nake karantawa, da yarinyar ta ɗauki jakarta, likitan da ke sonta ya biyo ta da gudu cikin ruwan sama ko takalmi babu. Na tsaya a tsakar gida ina jira. Ba ruwa, ba gudu.

Lahadi, da yamma

Bari in rubuta yadda abin ya faro, ko kaina ya daina juyawa.

Aikin Baba gwajin maganin feshi ne. Kafin a kai sabon magani kasuwa sai an kawo gonarsu, su fesa wa tumatir da tattasai da kabeji da sauransu, su zuba ido su ga ko zai ƙona ganye. Maganin da ya kashe ƙwari yana iya haɗawa da shukar. Kullum maganarsa ke nan: “Ba a yarda da kwalba, ganye ake tambaya.”

Kawu kuma kankana yake nomawa. Shi ya riƙe Mama tun rasuwar iyayensu, shi ya sa ta makaranta. Bana ƙwari suka sauka masa a gona, irin ƙananan nan da ke maƙalewa a bayan ganye. Ya zo gidanmu neman shawara. Ni na kawo musu shayi, saboda haka da kunnena na ji. Baba ya ɗauko wata kwalba ya ce, “Yaya, wannan sabo ne. Mun fesa wa kokwamba, ko gezau ba ta yi ba. Kankana da kokwamba ai 'yan uwa ne.” Kawu ya yi dariya ya ce, “To, Allah ya bar zumunci.”

Ya fesa wa gonar duka. Gonar ta ƙone duka. Kawu ya je ya gani, ya zauna a bakinta, sai ɗauko shi aka yi. Hawan jini, in ji asibiti.

Sai kuma ranar Alhamis. Abin da Baba ya ce da Mama ranar Alhamis ba zan rubuta ba.

Talata, da safe

Na share tsakar gida, na kewaye wurin da Mama take cire takalmanta. Ban san dalili ba.

Laraba, da magariba

Kaka ta zo, mahaifiyar Baba, da ledar magungunanta da 'yar wayarta mai ƙara kamar jiniya. Sunanta aka sa mini, shi ya sa Baba yake ce mini Uwata, ita kuma takwara.

Ta ɗanɗana miyata ta ce, “Takwara, gishirin ma jinya ya tafi?”

Na sunkuyar da kai.

“Ni dai da bebiya aka haɗa ni suna. Ko sai an sa ki a littafi za ki buɗe baki?”

Da Baba ya dawo ta bi shi ɗaki. Ƙofar ɗakin ba ta rufuwa sosai. Na ji yana cewa, “Inna, na san aikina. Da rana tsaka ya fesa, ko ya ƙara awo. Haka suke yi.”

Ta ce, “Su wa?”



Juma'a, da yamma

Baba ya dawo da gwangwanayen madara da aka huda gindinsu, da buhun ƙasa, da irin kankana, irin wanda Kawu ya shuka. Ya jera su layi uku a jikin katanga. Yau ne ya fara yi mini doguwar magana tun tafiyar jinya.

“Uwata, samo mini ƙyalle kala uku.”

Fari na yago daga tsohuwar singiletinsa. Baƙi daga wandon da ya daina sawa. Ja na rasa, sai na buɗe kwandon tsummokaran Mama na ga wani tsohon ɗankwali. Na yaga gefensa. Yana ƙanshin man gashinta.

Ya ɗaura wa kowane gwangwani nasa. Ya ce masu fari ruwa kawai za a ba su, don a ga yadda lafiyayya take. Masu ja zai fesa musu yadda ya ce a yi, da sanyin safiya, awo daidai. Masu baƙi kuma da rana tsaka, “yadda na san an yi.”

“Idan baƙi ya ƙone ja ya tsaya, magana ta ƙare.”

Na gane. Idan ja ya tsaya, Kawu zai san laifinsa ne, zai zo ya ba Baba haƙuri, Mama ta biyo bayansa da akwatinta. A littafi ma haka ake yi, sai babin ƙarshe ake gane ashe rashin fahimta ce. Ni zan riƙa ba su ruwa.

Litinin, da rana

A makaranta aka ce, ya gida? Na ce lafiya lau.

Laraba, da safe

Sun fito. Kowanne da 'yan ganye biyu kamar hannun mai addu'a. Na daɗe a tsugune har Kaka ta ce idan kallo ke girmar da shuka, da tuni mun sha kankana.

Alhamis, da yamma

Wayar Kaka ta yi ƙara. Mama ce. Ta gaida Kaka, ta ce a ba ni.

“Kina cin abinci?”

“Ina ci.”

“Rigar aikinsa fa? Kar ki haɗa ta da kayanku. Shuɗin bokitin nan, ita kaɗai. Ki wanke hannu da sabulu bayan kin gama.”

“To.”

Ina son in ce yaushe. Kalmar ta zo har bakina ta koma. Na ji Auta a bayanta tana rigima a ba ta wayar, sai kiran ya yanke.

Ta tambayi rigarsa. Shi ba ta tambaye shi ba, amma ta tambayi rigarsa. Na juya wannan a raina har na ƙona shinkafa.

Asabar, da rana

Baba ya manta abincinsa, Kaka ta ce in kai masa. Ban taɓa shiga gonar gwajin ba.

Wuri ne tsaf, har ya ba ni tsoro. Layuka a miƙe, kowanne da ɗan katako a soke a gabansa. Rumfar raga mai kore haske. Wani wari mai kama maƙoshi, irin wanda ke jikin rigar Baba. Mutane biyu da famfon feshi a baya, hanci a rufe, suna tafiya a hankali kamar masu rakiyar mara lafiya. Wani layin latas ya ƙone ƙurmus, na gefensa kore shar, kuma ba wanda ya damu. A nan ƙonewa ma amsa ce.

Wani abokin aikinsa ya ce, “Wannan ce mai karatun? Sai ka ce uwarta.” Baba ya karɓi kwanon.

Na ga tumatir, tattasai, albasa, kabeji, wake. Na ga kokwamba layi-layi tana yaɗo. Na duba har katangar ƙarshe.

Ba komai. Na dawo gida.

Lahadi, da hantsi

Ban ga kankana a gonar ba. Ko ɗaya.

Talata, da yamma

Maƙwabciyarmu ta shigo aron turmi, alhali tana da biyu. Ta ce ta ga Kawu a kasuwa da ƙafarsa, har yana ciniki.

“Ashe jiki ya yi sauƙi. To ita mai jinyar fa, wa take jinya yanzu?”

Sai ta faɗi kalmar nan da ake faɗa idan mace ta bar gidan mijinta. Ba zan rubuta ta ba. Idan ban rubuta ba, ba a yi ba.

Kaka ta miƙa mata turmin ta ce, “Ungo. Ki daka a hankali, kar ki haɗa da harshenki.”

Na shiga ɗaki na buɗe littafi. Likitan yana rubuta wa yarinyar saƙo mai tsawo. Na karanta shafi ɗaya sau da yawa ban san me aka ce ba. Wai shin Baba ya taɓa ce wa Mama irin waɗannan maganganun? Na kasa kwatanta bakinsa yana faɗa. Abin da na sani shi ne duk kankanar da Kawu ya aiko, Baba ke yankawa, kuma tsakiyar yake ba ta, inda ba 'ya'ya.

Juma'a, da safe

Mama ba ta kira ba.

Lahadi, da sassafe

Ganye ya kai yadda yake so. Yau aka fesa.

Ya auna maganin da murfin kwalba, ya ɗaga shi sama ya duba, ya sake dubawa. Ya ce in koma bakin ƙofa, in rufe hanci. Ya fesa wa masu ja sama da ƙasan ganye, a hankali. Masu fari ya fesa musu ruwa, wai don kar su ce an nuna musu bambanci. Rabon da in ji ya yi wasa har na manta.

Da rana ta take ya fito ya fesa wa masu baƙi. Wannan karon bai yi wasa ba.

Na ce, “Baba, yaushe za a sani?”

“Ganye ba ya gaggawa, Uwata. Wani ya faɗi gobe, wani ya ɓoye.”

Litinin, da yamma

Masu baƙi sun ƙone. Gefen ganye ya naɗe ya yi ruwan ƙasa kamar takardar da aka kai kusa da wuta. Masu ja suna nan kore.

Baba ya ci abinci har ya nemi ƙari. Ni kuma na wanke labulen ɗakin Mama, na goge madubinta.

Kaka tana kallona daga kan tabarma. Ta ce, “Takwara, wa za a tara?”

Na ce, “Ai ja ya tsaya.”

“To, ya tsaya. Sai ya je ya ce ga shi, ni ne mai gaskiya, yayanki ne bai iya ba. Sai ta ɗauko akwati ta biyo shi tana murna? A wane littafin kika ga haka?”



“Ba gona ce ta fitar da uwarki ba,” in ji ta. Ta juya ta kwanta.

Talata, da safe

Zan rubuta.

Ranar Alhamis ɗin Mama ta ce ya je ya duba Kawu a asibiti. Ya ce ba zai je a ɗora masa laifi ba. Ya ce mutumin da ko bayan kwalba ba ya iya karantawa, ba shi zai koya masa aiki ba. Mama ta ce, “Bai iya ba, don ni ya sa a aji shi ya tsaya a gona.” Ba ta ɗaga murya ba. Ta ci gaba da tsane kwanuka, ɗaya bayan ɗaya, har ta gama.

Na rubuta. Ban ji sauƙi ba.

Laraba, da sassafe

Na je ba su ruwa. Ɗaya daga cikin masu ja, na ƙarshe kusa da tankin ruwa, akwai ɗigo-ɗigo a ganyensa. Ƙanana, fatsi-fatsi. Wataƙila ƙasa ce ta fantsama. Na goga da yatsa. Ba ƙasa ba ce.

Laraba, da rana

Wataƙila rana ce.

Laraba, da yamma

Na tsinke ganyen na jefa bayan tanki. Ganye ɗaya ne, ba wanda zai lura.

Ina juyowa Kaka ta ce daga taga, “Gidan nan akwai akuya mai ƙafa biyu.”

Alhamis, da safe

Yau uku ne. A gwangwani daban-daban. Ba zan iya tsinke su duka ba.

Alhamis, da magariba

Baba ya dawo bai cire rigar aiki ba ya wuce jikin katanga. Ya tsuguna. Yana ɗaga ganye ɗaya-ɗaya yana duba bayansa, yadda Mama take duba kan Auta. Da ya kai na kusa da tanki ya taɓa wurin da na tsinke. Ya daɗe.

“Uwata.”

Na zo.

“Nan akwai ganye.”

Na fara kuka, irin mara sauti. Na ɗauka zai yi faɗa. Da ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Ya ce, “Na ga ɗigon tun shekaranjiya. Na wuce shi kamar ban gani ba.” Ya zauna a ƙasa, a kan ƙasar da ta jiƙe. “Ke ganye kika tsinke. Ni idona na tsinke.”

Na ce, “Amma ai 'yan uwa ne.”

“'Yan uwa ne. Sai dai ba duk abin da ɗaya ya ɗauka ne ɗayan zai ɗauka ba. Kowa nasa layin ake yi masa. Ni ke koya wa sababbin ma'aikata wannan.”

Kaka ta leƙo ta ce abinci na hucewa. Bai ci ba.

Juma'a, da yamma

Masu ja sun bi masu baƙi, a hankali dai. Masu fari suna ta yaɗo, ba ruwansu.

Baba ya faɗa a wurin aiki cewa kar a ba mai kankana maganin nan. Ban san me aka ce masa ba. Ya dawo da wuri.

Asabar, da yamma

Mun je gidan Kawu.

Shi ya ɗauki gwangwani mai ja, ni mai fari. A motar haya wata mata ta ce, “Malam, wannan ai ta mutu, me za ka yi da ita?” Ya ce, “Shaida ce.”

Kawu yana zaune a ƙofar gida, ya rame, hularsa ta yi masa yawa. Baba ya cire takalmi ya durƙusa. Ban taɓa ganin ya durƙusa wa kowa ba sai Kaka. Ya ajiye gwangwanin a gabansa, na ajiye nawa a gefe.

“Yaya, wannan da hannuna na fesa. Da sassafe, awo daidai. Wancan ruwa kawai aka ba shi.”

Kawu ya ɗaga ganyen ya duba bayansa. “Haka tawa ta fara.”

“Ban taɓa gwada shi a kan kankana ba. Na ba ka ne a kan zato.”

Wani mai keke ya wuce. Na ƙura wa labulen ƙofa ido, don akwai ƙafafu a ƙasansa. Na san su.

Baba ya ce, “Sai kuma wata magana da na yi.”

“Ta karatu?” Kawu ya ce. “Ai ba ƙarya ka yi ba, Malam. Ban iya ba. Shi ya sa na zo wurinka.”

Baba bai ɗago ba.

Kawu ya ce a kawo mana ruwa. Auta ce ta kawo, tana zubar da rabi, ta faɗa jikina ta ce na yi baƙi. Ƙafafun ba su fito ba. Da muka tashi Baba ya ɗauki mai fari ya bar mai ja a inda yake.

A littafi nan ne ake yaye labule.

Lahadi

Ba komai.

Talata, da safe

Na mayar wa ƙawata littafin ban ƙarasa ba. Ta ce ai ƙarshen ne daɗin. Na ce na sani.

Alhamis, da yamma

Na tambayi Baba ko ƙonannun da suka rage za su tashi. Ya ce ganyen da ya ƙone ba ya komawa kore, har abada. Sabon ake dubawa. Idan ya fito da tsabta, akwai rai a ƙasa. Na duba namu, ban ga komai ba. Ina dai ba su ruwa.

Kaka ta fara haɗa ledar magungunanta, ta kuma warware.

Asabar, da magariba

Ina wanke rigar Baba a shuɗin bokiti na ji sallama. Ban juya ba, don na sha jin muryar nan a kaina.

Auta ce ta fara shigowa da gudu. Mama na bayanta, rungume da gwangwanin nan mai jan ƙyalle. Ba akwati.

Ta gaida Kaka har ƙasa. Ta wuce jikin katanga ta ajiye gwangwanin a layinsa, kamar ta san wurin. Tsofaffin ganyen sun bushe sun rataya. A tsakiya akwai wani ɗan ƙarami, bai kai farce ba, mai gashi-gashi.

“A can ba mai ba ta ruwa,” ta ce. Ba ni take kallo ba, ba kowa ba. Sai ta taɓa ƙyallen. “Wa ya yaga mini ɗankwali?”

Na ce, “Ni ce.”

“Da almakashi ake yi.”

Baba ya fito ya tsaya a bakin ƙofarsa. Ya ce, “Sannu da zuwa.” Ta ce, “Yauwa.” Shi ke nan abin da suka ce. Ta karɓi rigar daga hannuna ta ce ban cuɗa wuyan ba.

Lahadi, da sassafe

A ɗakina ta kwana, ita da Auta. Takalmanta na ƙofata, ba inda na bar musu wuri ba. Akwatin yana can.

Na fita ba su ruwa na tarar Baba ya riga ni. Yana tsugune gaban mai ja, ya ɗaga ɗan ganyen da bakin yatsa yana duba bayansa.

Na ce, “Baba, da tsabta?”

Ya ce, “Bai buɗe ba tukuna.”